TARIHIN OTO DA MANUWAL A KYAMARA: ME YA SA FUSKARKA KE YIN DUHU IDAN KA SA FARAR SHADDA?



Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma irin tarihin da zai hana ka kashe kuɗinka a banza. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Makon jiya wani bawan Allah ya kawo min waya shagona a nan Mahuta, ya ce in canza masa kyamarar baya. Na ce me ta yi? Sai ya buɗe min hotunan ɗaurin auren ƙaninsa. Ango da abokansa sun sha farar shadda, an jeru a ƙofar gida da hantsi. Shaddar ta fito tas, har aikin wuya ana gani, amma fuskokin sun yi duhu, ba ka gane kowa sai haƙora. Ya ce ai kyamarar ce ta mutu. Na goge gilashin, na gwada ta a cikin shago, na fita waje na gwada, lafiyarta ƙalau. Da na so, da na karɓi kuɗinsa na sa masa sabuwa, kuma wallahi hoton da zai ɗauka gobe haka zai sake fitowa. Abin takaicin shi ne ɗaurin aure ba a maimaita shi, waɗancan hotunan sun riga sun tafi.

Kyamarar nan ta yi abin da aka koya mata ne. Idan ka san wanda ya koya mata, da yadda aka koya mata, za ka san lokacin da za ka bar ta ta yi aikinta, da lokacin da za ka karɓi linzami.

MENE NE AWON HASKE?

Ka tuna yadda idonka ke yi idan ka fito daga ɗaki mai duhu zuwa tsakiyar rana. Sai ka runtse, bayan ɗan lokaci ido ya daidaita. Kyamara ma sai ta auna yawan hasken da za ta bari ya shiga. In ya yi yawa hoto ya ƙone ya yi fari fat, in ya yi kaɗan hoto ya yi duhu. Da abubuwa 3 ake wannan awon:

1. Faɗin kafar da haske ke bi. Ita ce ake rubutawa da harafin f, kamar f/1.8 ko f/16. Ƙaramar lamba babbar kafa ce, babbar lamba kuma ƙaramar kafa.

2. Tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke zama a buɗe. A waya za ka gan shi da harafin S. Idan an rubuta 1/100, ana nufin a raba daƙiƙa ɗaya gida 100, a ɗauki kashi ɗaya.

3. ISO, wato ƙarfin jin haske. In ka ɗaga shi hoto zai ƙara haske, amma zai fara yin tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa masa yashi.

In kai ka zaɓi waɗannan da hannunka, shi ne manuwal. In na'ura ce ta zaɓa maka, shi ne oto. Shi ke nan.

ZAMANIN DA KOMAI DA HANNU NE

Hoto mafi daɗewa da aka ɗauka da kyamara wanda har yau yana nan, wani Bafaranshe ne mai suna Nicéphore Niépce ya ɗauke shi daga tagar gidansa, tsakanin 1826 da 1827. Ya bar kyamarar a buɗe na aƙalla awa 8 kafin hoton ya kama. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre a birnin Faris, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci. Akwai wani shahararren hotonsa na wani babban titi a Faris, titin cike yake da mutane da kekunan doki, amma a hoton kamar an share shi, domin duk abin da ke motsi bai kama ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ka riƙe wannan a ranka, domin dalilin da ya ɓatar da mutanen titin nan shi ne dai dalilin da ya sa hotonka na dare ke yin dishi-dishi idan yaro ya motsa.

A lokacin babu na'urar awo. Mai hoto zai kalli sama, ya kalli inuwa, ya cire murfin madubin kyamara, ya ƙirga a zuciyarsa, ya mayar. Ido da gogewa ne kawai.

A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak. Kana sayenta da fim na hoto 100 a ciki, in ka gama ka aika ta kamfani a wanke maka. Tallarsu ita ce kai dai ka danna, sauran aikin nasu ne. A 1900 suka fito da Brownie a kan dala 1. Amma ka lura, waɗannan ba sa auna komai. An saita su ne a kan hasken rana kawai, in ka shiga ɗaki da su ka yi asarar fim.

Brownie ɗin nan ita ce makarantar manyan masu hoto na Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako ya samu tasa a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, kuma sau ɗaya yake ɗaukar mutum saboda tsadar fim. Ka nemi hotunansa a intanet ka gani. Baƙar fata tana sheƙi, farar riga ba ta ƙone ba, zanen atamfa ya fito ɗaya bayan ɗaya. A nan Najeriya ma J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi suna da hotunan kitson mata, da Brownie ya fara a 1950.

Yanzu mu dawo gida Kaduna. Ka duba hotunan hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, ko hotunan Sardauna Sir Ahmadu Bello da farin rawani. Babu aiki mai wuya ga mai hoto kamar wannan: farin rawani, baƙar fuska, rana tsaka, ga dawaki suna sukuwa. Masu hoton wancan zamani da hannu suke saita kafa da ƙyaure. Suna da ƙa'idar da suka haddace: in rana ta take, a sa f/16, a sa ƙyaure daidai da lambar fim, wato fim mai lamba 100 a ba shi wajen 1/100. In hadari ya haɗo ko an shiga inuwa, a ƙara buɗe kafar. Amma sun san ƙa'idar ba ta ishe su ba, in fuskar mutum ake so sai an ƙara mata haske a kan abin da lissafi ya bayar.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi sana'ar hoto tun kafin a haife ni, yakan zo cajin waya wurina. Ya ce min a zamaninsu fim ɗaya hoto 36 ne, sai ka gama biki, ka kai wanki, bayan kwanaki sannan ka san ko ka yi daidai. In ka kuskure awo, ranar da za ka kai wa uwar amarya hotuna ba ka da bakin magana. Ya ce shi ya sa kafin ya danna sai ya kalli fuska, ba ya kallon riga.

YADDA NA'URA TA KARƁI AIKIN

A 1932 kamfanin Weston ya fitar da na'urar awon haske ta hannu mai aiki da lantarkin da haske ke haifarwa. Ka nuna ta wurin, allura ta motsa, ka karanta, ka saita kyamara. A 1938 Kodak ta fitar da Super Six-20, kyamara ta farko da ke saita kafar haske da kanta. Kuɗinta dala 225, tsada ta hana ta karɓuwa. A 1959 kamfanin Agfa na Jamus ya fitar da Optima, wadda ke zaɓar kafa da ƙyaure gaba ɗaya. A 1966, shekarar da aka fara buga jaridar New Nigerian a nan Kaduna, Yashica ta Japan ta fitar da Electro 35: kai ka zaɓi kafa, ita ta zaɓi ƙyaure. A 1976 Canon AE-1 ta fito da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinta, an sayar da miliyoyinta. A 1983 Nikon FA ta fara raba hoto gida-gida tana auna kowane ɓangare daban.

Daga nan ne haruffan da kake gani a kan manyan kyamarorin masu ɗaukar biki suka samo asali. M komai da hannu, A ko Av kai ka zaɓi kafa, S ko Tv kai ka zaɓi ƙyaure, P kuma na'ura ta zaɓi duka. Ka ga ashe tun da daɗewa akwai tsaka-tsaki, ba dole sai oto zalla ko manuwal zalla ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Na'urar awo ba ta san ango ba, ba ta san shadda ba. An gina ta a kan zato ɗaya: wai in aka haɗa duk abin da ke cikin hoto aka gauraya, zai ba da launin toka-toka, wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Saboda haka duk abin da ta gani, ƙoƙarinta ta mayar da shi toka-toka. In fari ya cika hoto, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Farar shadda ta koma ruwan toka, fuskar da dama baƙa ce ta ƙara nutsewa. Abin da ya sami mai wayar nan ke nan, abokan ango 10 cikin fararen kaya sun rinjayi fuskokinsu. In kuma duhu ya cika hoto, sai ta ƙara haske har fitilu su ƙone.

KATIN SHIRLEY

Akwai wani ɓangaren tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Tun daga shekarun 1950, Kodak tana aika wa masu wanke hoto mai kala wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita injin wanki. In fatar matar ta fito daidai, an ce inji ya daidaita. Ana kiransa katin Shirley, sunan wadda ta fara fitowa a kai. Ma'ana, farar fata ita ce ma'auni. Wata malamar jami'a a Kanada mai suna Lorna Roth ta wallafa bincike a kan wannan a 2009, inda ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim don ya riƙa fitar da launin ƙasa-ƙasa da kyau, akwai ƙorafin masu sayar da kujerun katako da masu cakulan, waɗanda kayansu ba sa fita a hoton talla. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Saboda haka in ka ga tsohon hoto mai kala na iyayenmu fuska ta yi duhu, ba lallai laifin mai hoton ba ne. Kayan aikin ba da mu aka auna su ba.

ZUWAN WAYA

A 1975 wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Wajen 1999 zuwa 2000 wayoyi masu kyamara suka fara fitowa a Japan. A 2001 layin GSM ya shigo Najeriya, bayan 'yan shekaru muka fara ganin wayoyi masu kyamara a hannun mutane. Yawancinsu oto ne zalla, ba ka da ta cewa.

A 2013 Nokia Lumia 1020 ta zo da manhajar da ke barinka ka saita ISO da ƙyaure. A 2014 Android 5.0 ta buɗe wa masu haɗa manhaja hanyar sarrafa kyamara da hannu, a shekarar ne kuma iPhone ta samu 'yar alamar ranar nan da ake ja sama ko ƙasa. Daga nan ne aka samu abin da kake gani an rubuta Pro a cikin kyamarar wayarka.

Shi ma oto bai tsaya wuri ɗaya ba. Yanzu waya tana gane fuska ta auna haske a kanta. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya yi suna a Afirka da daidaita kyamara don baƙar fata, Google ma ta fito da nata tsarin a Pixel 6 a 2021. Sannan akwai HDR da yanayin dare, inda in ka danna sau ɗaya wayar ke ɗaukar hotuna da yawa a jere, wasu da haske wasu da duhu, ta haɗe su su zama ɗaya. Wannan hannunka ba zai iya ba, kuma a wayoyi da yawa da zarar ka shiga Pro ka rasa wannan haɗin. Shi ya sa wani zai shiga Pro don burga, ya fito da hoton da bai kai na oto ba.

Wani abu kuma, a yawancin wayoyi kafar haske a kafe take, ba ta canzawa. Abin da ke hannunka shi ne ƙyaure, ISO da EV.

TO WANNE ZA KA ZAƁA?

Ka bar shi a oto idan haske na bayanka yana sauka a kan wanda kake ɗauka, ko abu na faruwa da sauri, ko kana yawo tsakanin rana da inuwa. A nan na'ura ta fi ka sauri, kafin ka gama saiti an wuce wurin.

Ka bar shi a oto amma ka gyara masa zato, a waɗannan wuraren:

1. Fararen kaya ranar Sallah, Kirsimeti ko ɗaurin aure. Ka taɓa fuskar mutum a sikirin, ka ja alamar rana sama kaɗan. In wayarka na da EV, ka sa +0.7 zuwa +1. Kowane +1 ninka haske ne sau 2. Ka tsaya da zarar aikin jikin rigar ya fara ɓacewa.

2. Mutum ya ba taga ko ƙofa baya. Ka taɓa fuska, ko mafi sauƙi ka juya shi ya fuskanci hasken.

3. Lokacin hunturu da hazo ya rufe sama ta yi fari. Sama tana ruɗin kyamara kamar yadda shadda ke yi. Ka rage yawan sama a hoton ko ka ƙara EV.

4. Mai wa'azi ko mawaƙi a kan dandamali da dare, fitila a kansa, kewaye duhu. A nan ƙasa za ka ja, -1 ko fiye, in ba haka ba fuskar za ta ƙone.

5. Bidiyo yana haske yana duhu da kansa. Ka danna fuska ka riƙe na ɗan lokaci, a wayoyi da yawa wannan yana kulle awon.

Ka shiga Pro idan hasken ba ya canzawa kuma kana da lokaci, ko kana son abin da oto ba zai taɓa zaɓa ba:

1. 'Yar'uwa mai sayar da atamfa, takalma ko turare a intanet: ki ajiye kayan kusa da ƙofa, ki sa ISO a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, ki gyara ƙyaure har launin ya yi daidai da na zahiri, ki bar shi a haka ki ɗauki duka. A oto baƙin yadi zai fito da haske, fari ya fito da duhu, mai saye ya ce ba abin da ya gani ba ke nan.

2. Dawaki a hawan Sallah ko 'yan ƙwallo da rana: ƙyaure 1/1000 ko fiye, don motsi ya tsaya cak.

3. Layuka baƙaƙe suna yawo a bidiyo a ƙarƙashin ƙwan lantarki: wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ka sa 1/50 ko 1/100. In janareta ne yana iya ɗan kaucewa, sai ka gwada na kusa da su.

4. Wata: oto zai mayar maka da shi farin ƙwallo. Ka sa ISO ƙasa, ka ƙara saurin ƙyaure har tabon jikinsa ya fito.

5. Fitilun mota su zama zare a titi da dare: ka kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, ISO ƙasa, ƙyaure daƙiƙa 2 zuwa 4.

In wayar a hannunka take, kada ka bar ƙyaure ya yi jinkirin da ya wuce 1/30, in ba haka ba rawar hannu za ta ɓata hoton. Kuma in ka gama, ka mayar da ita oto. Na sha ganin wanda ya yi saitin dare ya manta, da safe komai ya fito fari fat, ya rugo shago wai kyamara ta ƙone.

In wayarka ba ta da Pro, akwai manhajar Open Camera kyauta a Play Store, amma sai wayar ta yarda da saitin hannu sannan zai yi aiki. In ba ta yarda ba kada ka damu, taɓa fuska da jan alamar rana sun isa su magance yawancin matsalar.

KAFIN KA KAWO MIN GYARA

Kyamarar da ta lalace da gaske tana da alamu: sikirin ya yi baƙi in ka buɗe ta, ko tana rawa tana ƙara, ko ta ƙi kama abu ko da rana, ko wani tabo ya riƙa fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ko gilashin ya fashe. Amma in hoto na fita da kyau a wani wuri, ya yi duhu a wani wuri, awo ne, ba na gyara ba ne. Ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ka gwada abin da na lissafa.

Shi mai wayar nan, na fita da shi bakin titi, na tsayar da yaron shagona da farar riga a rana. Na ce ya ɗauka yadda ya saba, fuska ta yi duhu. Na ce ya taɓa fuskar ya ja sama kaɗan, sai ga yaro ya fito har da zufar goshinsa. Ya yi dariya ya ce ashe kuɗinsa ne suka kusa tafiya. Ya ce sati mai zuwa akwai sunan ɗan yayarsa, kuma shi ne mai hoto.

Kai ma yau ka samu wani mai fararen kaya ka ɗauke shi sau 2, ɗaya yadda ka saba, ɗaya ka taɓa fuska ka ƙara haske, ka kwatanta da idonka. Wanda ya ga bambanci ya tura wa ɗan'uwansa kafin biki na gaba. Mai tambaya kuma ya faɗi sunan wayarsa, zan nuna masa inda saitin yake.

Allah Ya sa mu amfana. Sai mun haɗu a darasi na gaba.